Zufar Dillali

A kasuwar shanu, dillali da fuskarsa yake cin abinci. Na tsufa ina karanta ta wasu. Duk wanda zufa ta karyo masa ana tsakiyar ciniki, to akwai abin da ya ɓoye a jikin dabbarsa. Ni na koya wa mutane da yawa wannan karatu.

Sai likita ya gano ina da ciwon dajin mafitsara, irin na maza, ya ɗora ni a kan allurar da ke rage sinadarin mazantaka. Ya ce zan riƙa jin zafi yana taso mini. Na yi dariya. Mutumin Maiduguri za a ba labarin zafi?

Wannan daban ne. Daga ƙirji yake tashi, ya hau wuya, kafin ka ankara hula ta jiƙe. Na bar shayi mai citta, na bar yaji, na ajiye babbar riga, na koma yawo da gorar ruwan sanyi. Ya ragu, amma bai san lokacin ciniki ba.

Akwai wani malamin makaranta, ɗan kudancin Borno, da duk Kirsimeti a hannuna yake saya wa cocinsu sa. Mun kusa daidaitawa a kan wani jan bijimi daga Konduga, abin ya taso. Ya dube ni, ya koma ya sake buɗe bakin san.

"Alhaji, me ke damunsa?"

"Lafiyarsa ƙalau, Malam."

"Kai fa ka ce in na ga dillali yana zufa, in dafe aljihuna."

Ko a ɗauke ni maƙaryaci, ko a san ciwona. Na ja shi bayan wata tirela na faɗa masa. Ya riƙe hannuna, jiƙe yadda yake, ya ce, "Allah ya ba da lafiya, yayana." Ya ɗauki san.

Labarin ciwona ya bazu a kasuwa. Ban ce shi ya yaɗa ba, tirela ma tana da direba. Yanzu ba mai zargina da ƙarya. Sannu dai ta yi yawa. Masu shanun Konduga har gida suke zuwa gaishe ni a Bulabulin, da man shanu a kwano, su yi mini doguwar addu'a. Shanun kuwa wani dillali suke kai wa.