Zoben ƙarfen Faisal

"Kaka, taɓa ki ji ko ya kulle."

Jikana Faisal ke nan, mijina na wasa, a gindin bangon da matasa suke hawa don wasa a unguwar Abhur. Ya nuna min zoben ƙarfe mai murɗawa a ƙugunsa, igiya ta ratsa ciki. Wai ba a hawa sai wani ya duba maka.

Na ce, "Wannan ɗan abin zai riƙe ƙaton da ke cinye min shinkafa?"

"Yalla, maza murɗa kawai, amarya."

Na murɗa. Ashe saura zagaye biyu! Na ƙarasa kulle shi, angon ya kama hawa.

Da yake saukowa a hankali yana lilo, sai na ji kamar daga bayana nake sauke shi, zanin goyo yana warwarewa.

Ku masu jikoki, yaushe hankalinku ya kwanta a kansu?