Mutumin da Ya Zana Soket a Tafinsa

A shagon kayan wuta na unguwarmu a Duluth ta Amurka, wani ƙaton mutum yana tsaye gaban wayoyin injin busar da tufafi, sanye da wandon barci mai hoton barewa. Ina jin sauran kayansa duk suna jiƙe a gida. Ya zano soket ɗin bangonsa a tafin hannu da biro, amma gumi ya cinye zanen. Yana duban filogi mai ƙafa uku, yana duban mai huɗu. Irin mazan nan ne da gara wuta ta ja su da su yi tambaya.

Bernice, tsohuwar da ke aiki a shagon, ta matso.

"Ɗan nan, ramuka nawa ne a bangon naka?"

"Uku. Ko huɗu. In ƙafa ɗaya ta yi yawa, ai sai in yanke ta."

"Ita ke sauke wuta ƙasa. Yanke ta, injin ya busar da kai kafin wandonka."

Ya daɗe yana kallon tafinsa, sannan ya ciro wayar salula, ya kira matarsa a gida, ya rage murya.

"Marlene, daure ki ƙirgo mini ramukan soket ɗin nan. A'a, da ido! Kar ki sa yatsa!"