Fiffiken da na kai wa Kawu

Shekara shida na yi ina gashin kaza a wani gidan abinci a Abuja, kuma a can na ga manyan mutane masu manyan motoci suna layi saboda fiffike. Fiffike zalla, ba cinya ba ƙirji. Da na dawo gida Wurno sai na ce ai na samo sana'a, tunda babu mai yin ta daga nan har Goronyo. Ban tsaya na tambayi kaina abin da ya sa babu mai yin ta ba.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Yana da shago kusa da tasha inda yake ajiye albasa. Ya ba ni aronsa da sharaɗi guda: idan aka fara cirar albasa bai ga abin kirki ba, zan fitar da kayana in bi shi fadama. Ni kuwa duk duniya ba abin da na ƙi kamar tsugunno cikin laka ina ban ruwa.

Na sa aka yi min benci uku da tebur, aka ƙera min abin gashi da rabin duro. Fiffiken daga Sakkwato nake ɗauko shi cikin ƙanƙara, wurin wani mai gonar kaji da ke yanka wa otal-otal. In jiƙa shi da citta da tafarnuwa, in gasa, in shafa zuma kaɗan, in barbaɗa yajin ƙuli. Ba yabon kai ba, ƙamshin har bakin titi.

Mutumin da ya fara tsayawa wani direba ne mai jigilar Rabah. Ya leƙa tire, ya dube ni.

"Ina sauran kazar?"

Na ce fiffike kaɗai nake sayarwa.

"To wa yac canye cinyoyin?"

Ya yi dariya ya wuce wurin mai tsire. Tambayar nan na sha ta har na gaji. Wani ya ce sai ya ga kan kazar kafin ya yarda an yanka. Wani ya ce shi da gemunsa ba zai zauna bakin tasha yana tsotsar ƙashi ba. Takaicin da ya fi ci na shi ne, suna so. Mutum zai zo a kan babur, ko kashe shi ba zai yi ba, ya ce a ƙunsa masa na yara, alhali na san ko aure bai yi ba. Ya kewaya bayan gareji ya cinye abinsa. Bencina uku kuwa awaki ne ke kwana a ƙarƙashinsu.

Kawu ba ya tambayar ciniki. Idan ya biyo daga fadama sai ya dubi bencin ya wuce. A wurinsa wurin abincin da ba a zama ba wurin abinci ba ne. Ga albasa ta fara kwantar da ganye, kwanakina na ƙarewa.

Sai dabara ta zo min, kuma har yau idan na tuna ta sai in ji kamar in mari kaina. Na ce idan aka ga dattawa sun zauna sun ci, kunyar kowa ta fita. Ranar Juma'a bayan an sauko, na roƙi Kawu ya zo da abokansa su sa min albarka. Ya zo da mutum huɗu, har da limamin unguwarmu. Na shimfiɗa tabarma, na zaɓo mafi ƙiba, na jera a sabon faranti da yankakkiyar albasa, na durƙusa na ajiye gaban Kawu.

A gidan da na tashi, idan aka yanka kaza, cinya da ƙirji da ƙundu na maigida ne. Fiffike da wuya da ƙafafu namu ne, yara. Na san wannan kamar sunana, amma shekara shida sun shafe min shi.

Liman ya yi addu'a gajeriya, ya ce ana jiransa wurin ɗaurin aure. Sauran suka bi shi. Babu wanda ya sa hannu. Kawu ya zauna har suka yi nisa, idonsa a kan farantin.

Na fara bayani, na ce a Abuja manya ke cin sa, ya ma fi cinya tsada.

"Nan Abuja ta?" Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. "Ni nir riƙe ka tun ba ka san kanka ba. Ban taɓa cin cinya ban yago maka ba. Yau ka tara min mutane, ka aje min rabon ɗiya ƙanana gabansu. Mi niy yi maka?"

Haushi nake ji, na mutanen gari, na kaina, har da nasa, don ko ɗanɗanawa bai yi ba balle ya san abin da ya ƙi.

Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya sa takalmi.

"Albasa sai sati na sama," in ji shi. "Amma mabuɗin shagon yau nika son shi."