Wurin da Silima Ta Tsallake

Jiya na bi ta gaban tsohon gidan silima na Tawa, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Tsohon malamin lakkol ne, wato makarantar boko, kullum bakinsa ja da goro.

Farkon samun 'yancin kai, ina sabon ma'aikaci, na kalli fim ɗin wani jarumin Girka da ya ɓace a teku. Da safe na zo ina ba Kawu labarin dodanni.

Ya ce, "Shi jarumin, sun gwada uwatai a fim ɗin?"

Na ce a'a.

"To sun cire abin tsoron. Cikin tsohuwar waƙar da suka ɗauko labarin, wurin matattu ya ishe ta, bai ma san ta rasu ba. Sau ukku yana rungumar ta, tana suɓucewa kamar inuwa." Ya dube ni. "Yaushe rabonka da Innarka?"

Wata bakwai ban je Affala wurinta ba. Ran nan na kama hanya. A hanya, duk mai raƙumin da ya tunkaro mu, sai in ga saƙon rasuwa ya ɗauko. Na tarar da ita tana tankaɗe. Na riƙe hannunta mai gari, na kasa saki.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haɗa mu inda ba a rungumar inuwa.