Zuwa Duba Tsagar Bangon Cetimari

Diffa

Ana idar da sallar asuba na fito, Inna tana bina da kwanon fura har ƙofa. Jiya da la'asar Ba Modu, shugaban manoman tattasai na wani lambu a Cetimari, ya kira ni a waya ya ce: “Ƴata, lambar na'urarki ta hau. Mu tsinke tattasan ɗanye mu kwashe iyali?”

Kogin Komadugu ya cika ya batse, kuma bangon sumunti da ke tare ruwa daga lambunsu ya tsage. Makonni kaɗan kafin nan na manna wa bangon wata baƙar roba mai kama da filasta, irin wadda muke haɗawa a ɗakin gwaji. Ana cuɗa robar da garin gawayi na musamman, mai ƙwayoyin da ido ba ya gani, lantarki na bi ta cikinsu. In tsagar ta buɗe ko da kaurin gashi, robar ta miƙe, ƙwayoyin su rarrabu, lambar awo ta hau a jikin na'urar da na bar musu.

Hanya

A tasha na samu a-kori-kura cike da buhunan taki, aka matsa mini a gaba. A shingen fita gari wani jandarma ya buɗe jakata, ya ga wayoyi da batir, fuskarsa ta canza.

“Madam, mene ne wannan?”

Na ja guntun roba a gabansa, lamba ta motsa a jikin na'urar da ke jakata. Ya karɓa ya ja da kansa har sau uku, sannan ya ce, “Allah ya kiyaye hanya.” Direba ya sauke ajiyar zuciya: “Hajiya, na zaci yau a nan za mu wuni.”

Cetimari

Da hantsi muka sauka. Daga kwalta amalanken shanu na hau zuwa bakin kogi. Tun daga nesa na hango mata sun ɗaure tabarmi da tukwane, maza na tsaye da buhuna babu komai ciki. Ba Modu ya tarbe ni da gaisuwar Barbarci, “Wushe, wushe,” amma idonsa na kan ruwa.

Roba biyu na manna tun farko: ɗaya a kan tsagar, ɗaya a gefe inda bangon ke lafiya. Ta farko kaɗai suke karantawa, don ita ce a haɗe da na'urar. Na jona ta biyun da na'urar da na zo da ita. Ita ma ta hau, daidai da ƴar uwarta. Na sa aka yi musu inuwa da zana, muka zauna. Kafin a gama zagayen shayi na biyu, duka lambobin sun sauko tare.

“Baba, zafin rana ne ya taɓa su, ba bango ba. Tsagar tana nan inda muka bar ta.”

Sai Ba Modu ya juya ya yi magana da Barbarci, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, aka shiga kwance kaya. Na nuna musu yadda za su riƙa duba biyun tare, na kuma roƙe su kada su fasa jera buhunan yashi.

Gida

Burabusko da miyar bandar kifi aka ba ni, na ci kamar wadda ta yi azumi. Motar ƴan kasuwa ta dawo da ni Diffa kafin magariba. Godiya ga Ba Modu da mutanensa, da Allah da ya tsare bangon.