Goggo Dong da Daɓen Gidan Duan

Dong Fenglan ta yi shekara arba'in da ɗaya tana wanke daɓen dutse a gidajen ƙauyenmu, a gindin tsaunin Cangshan. Bana ta ce ta ajiye aiki, gwiwoyi sun gaji. Goggo Dong kowa ke ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Da hantsi take fitowa, kwando a goye. A ciki akwai tsummoki, da tsintsiya mai laushi, da gwangwanin garin alli, da gasasshiyar wainar shinkafar da za ta ci da rana. Yashi take fara kwashewa, don a cewarta shi ke kashe farin dutse: ƙafa ta taka shi, shi kuma ya karce daɓe. Daga nan sai ruwan ɗumi da matsattsen tsumma, busasshe ya biyo baya nan take. Inda mai ya zube, sai ta kwaɓa alli ta shafa, ta rufe, ta ce kada kowa ya taɓa sai jibi. Ba a taɓawa kuwa.

Mu da muka ƙarar da ƙarfinmu wajen saro dutsen nan daga tsauni mun san masu wulaƙanta shi, mun kuma san mai ganin darajarsa. A gaban mutane Goggo Dong ta taɓa ƙwace kwalbar ruwan kal daga hannun matar mai unguwa, ta ce mata wannan na taliya ne, tsami cin dutse yake yi, a mayar da shi kicin. Matar ta yi fushin wata guda, sannan ta aika a kira ta.

Aikinta na ƙarshe shi ne na gidan Duan. Marigayi Duan ma'aikacin dutse ne. Shi ya shimfiɗa tsakar gidansa da hannunsa, falen dutse ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa jijiyoyin dutsen har suka zama kamar gajimare ya taso daga ƙofar gida zuwa bakin babban ɗaki. Abin da ya bar wa matarsa, Iya Shi, ke nan. Bana aka sa bikin auren ɗansu Wenbiao rana ta takwas ga sabuwar shekara.

Ranar farko ga shekara Wenbiao ya kunna nokawut ninki biyu na kowa, don ya ce shekararsa ce. Jajayen takardun nokawut ɗin suka rufe tsakar gida. Ba mai share su sai rana ta biyar, wanda ya share ya share arzikin shekara. Washegari aka yi yayyafin da ba a zata ba. Takarda ta jiƙe, jan ya sauka cikin farin dutse. Wenbiao ya ɗaga wani gefe ya gani, ya ruga kicin ya ɗauko ruwan kal ya zuba. Jan bai fita ba, ƙyallin wajen ya mutu. Sai ya ce a tone daɓen duka a sa tayil ɗin kamfani kafin dangin amarya su zo, yana da abokin da zai gama cikin kwana huɗu. Iya Shi ta zauna a bakin ƙofa, ta ƙi cin abinci.

Goggo Dong na gidanta tana hutun sabuwar shekara aka je mata. Ta zo, ta durƙusa, ta shafa wajen da ya dushe, ta tambayi wanda ya yi wannan aikin. Wenbiao ya ce shi ne.

"Ango guda," in ji ta, "ka ɗauka kabeji ne za ka tsima?"

Da ta ciro tsintsiya, Iya Shi ta miƙe ta tare ta, ta ce a shekarar da ɗanta zai yi aure ba za a share mata gida kafin rana ta biyar ba, ko da dutsen zai koma ja wur. Goggo Dong ba ta yi musu ba. Ta mayar da tsintsiyar kwando.

"Yaya, shara aka hana. An hana tsinta?"

Iya Shi ta ce ita dai ba ta taɓa ji ba. Goggo Dong ta fara tsince takardun da yatsu, ɗaya-ɗaya. Maƙwabta suka leƙo suna dariya, kafin azahar kuma su shida ne a durƙushe, har da angon. Da kwando ya cika ba ta nufi ƙofa da shi ba. Ta kai shi ƙuryar ɗakin Iya Shi ta tura ƙarƙashin gado.

"Ga arzikinki nan. Ko ƙwaya bai fita ba."

A ranar Iya Shi ta ci shinkafa kwano biyu.

Sai ta kwaɓa alli da ruwan wanke ciwo mai kumfa, ta shafe tsakar gidan, ta rufe da leda, ta ɗora katako a bi ta kai. Bayan kwana biyu ta kankare da cokalin itace, allin ya fito ja. Ta sake shafawa. Wajen da ruwan kal ya ci kuwa, da lallausan garin dutse da tsohuwar hular ulu ta yi ta murza shi, kwana uku a kan gwiwoyin nan da ta ce sun gaji. Ranar biki amarya ta taka farin daɓe. Fale ɗaya ne kawai, a bakin babban ɗaki, ya rage da ɗan ja-ja.

Goggo Dong, ke ce mai sanyin hannu a kan dutse, mai kaifin baki a kan mutane. Mun saro, mun sassaƙa, mun shimfiɗa, muka tafi. Ke ce kika zauna da shi shekara arba'in da ɗaya. Ba a taɓa rubuta sunanki a ko'ina ba, amma babu gidan da ba a taka aikinki. Mun gode. Ku kuma matasa, ku je ku zauna kusa da ita tun tana nan. Ku koyi matse tsumma. Ku bar tsami a kicin.

Mako guda bayan biki Wenbiao ya shigo gida da magini da sabon fale, fari tas. Ya tarar da Goggo Dong a bakin babban ɗaki tana kwaɓa alli, ita da ta ce ta ajiye aiki. Ya roƙe ta ta tashi ta huta, a cire wancan a sa wannan, aikin minti ashirin ne. Ba ta ko ɗago kai ba.

"A'a. Ubanka ya sa shi. Ba za a cire ba."