Akwatin Oom Karools Bai Sauko Ba

Duk gidan gonar Turawa da ke tsakanin ƙauyenmu da bakin teku, in ka ga taga ta leƙo daga cikin jinka a saman ƙofa, da ɗan rufinta mai tsini, to hannun Oom Karools Oktober ne, Oom ɗin nan kuwa kawu ke nan a yarenmu. Shi zai sassaƙa, shi zai kafa, shi zai ɗinke ciyawar gefenta yadda ruwan sama ba zai samu hanya ba. In ya gama, a miƙo masa kofi a gwangwani ta ƙofar baya. Ni maƙwabciyarsa ce, gidana yana kallon nasa, tun muna yara nake shan surutunsa.

"Griet," yakan ce mini, "na yi wa gidan kowa ido, nawa gidan makaho."

"To wa ya ɗaure maka hannu?"

"Cikin yara mana. Taga ba ta cika tukunya."

Sai da furfura ta cinye kansa, matarsa ta rasu, ɗansa Neels ya tafi Cape Town neman aiki, sannan ya fasa jinkar gidansa ya yi tasa tagar. Faɗinta kuwa da kafaɗunsa ya auna, kuma kowa ya san dalili. A wajenmu dattijon kirki ba ya bari mutuwa ta same shi ba shiri. Tun da sauran ƙarfinka kake haɗa akwatin gawarka, ka ajiye a ɗakin sama ƙarƙashin jinka, ka cika shi da zabibi da busasshen ɓaure don kada ya zauna a banza. Ranar da ta Allah ta kasance, maƙwabta su zuro shi ta taga da igiya, don tsanin cikin gida ƙunci gare shi, akwati ba ya bi.

A can saman ya haɗa nasa, da katako mai ruwan ɗorawa da ya daɗe yana ɓoyewa. Ranar da ya gama har shiga ya yi ya kwanta, ya ƙwala mini kira.

"Griet! Zo ki gani, ya yi mini cif!"

"Sai ka zauna ciki, mu huta da bakinka."

Ya yi dariya har da tari. Abin da yake so ke nan a duniya, ba wani abu ba: akwatin da ya yi da hannunsa ya sauko ta tagar da ya yi da hannunsa.

Sai ga Neels ya dawo, aiki ya ƙare, kai cike da dabara. Ya ga 'yan yawon buɗe ido suna tsayawa ɗaukar hoton tagar, nan take ya mai da ɗakin sama masaukin baƙi. Ya kwashe zabibin, ya lulluɓe akwatin da zane, ya jera masa matasai, ya zama benci a gindin taga. Wai kuma baƙi suna tsoron ɓarayi, ya kawo mai walda ya gindaya wa tagar ƙarafa. Ina tsaye a bakin shinge tsohon ya fito yana dogara sanda.

"Neels, ta ina akwatina zai sauko?"

"Haba Baba, kai kullum zancen mutuwa! In lokacin ya yi sai a yanke ƙarfen, wani aiki ne?"

"Ka yi alkawari?"

"Na yi. Shiga ciki, akwai iska."

Daga ranar tsohon bai ƙara hawa sama ba, gwiwa ta hana, kuma ɗakin ba nasa ba ne yanzu. Yakan ɗauko kujera ya zauna a ƙofar gidana, ya ɗaga kai yana kallon tawul ɗin baƙi a rataye a jikin ƙarafan. Ni kuwa raina yana ɓaci.

Da sanyin bara Oom Karools ya cika. Da safe na tara maza na unguwa, da igiya, da zarton ƙarfe. Neels ya tare mu a ƙofa, ido jawur.

"Antie, ki rufa mini asiri. Akwai baƙi a sama, mata da miji daga Jamus. Na ce musu akwatin kayan auren kakata ne. Yanzu in hau in ce na gawa suke zama a kai?"

"Ubanka ne fa, mara kunya! Ka yi masa alkawari a gabana!"

"Shi ya tafi, Antie. Ni ne da cin abinci."

Mazan suka sunkuyar da kai, igiyar ta koma gida. Aka kawo akwatin kanti, na dusar katako da aka manne da gam, mai hannun roba. Kafintan da ya yi wa rabin lardi taga, a cikin wannan aka saka shi.

Da muka ɗauko shi za mu coci, sai muka bi ta ƙarƙashin tagar. Na ɗaga kai. Baturiyar tana durƙushe a kan akwatin Oom Karools, ta zuro hannu ta tsakanin ƙarafa, tana ɗaukar hotonmu.